Sikirif ɗin bash da ya cinye min aikin kwana biyu

Repo (ma'ajiyar kod da manhajar git ke riƙe tarihin gyare-gyarenta) goma sha ɗaya gare ni a folda ɗaya, wasu a GitHub wasu a GitLab, shafukan ajiye kod a intanet, kuma da kwamfuta biyu nake aiki, laftof a gida da wata tsohuwa a ofis. Kullum sai na manta da pull, wato jawo sabon abin da ke kan saba, kafin in fara rubuta kod, sai na zo turawa git ta ce ai an riga ni. Da na gaji sai na ce bari in rubuta ɗan sikirif na bash, wato jerin umarni a fayil guda, ya riƙa bin foldojin ɗaya bayan ɗaya yana jawo sabon abu da kansa.

Na farkon bai fi layi shida ba, kuma don neman sauƙi na jefa git reset --hard origin/main a ciki, wai don komai ya zo daidai da na saba. A ta ofis ya yi aiki lafiya lau, sai na ɗora shi a cron ɗin laftof (mai tayar da aiki da kansa in lokacinsa ya yi) duk rabin awa, na manta shaf akwai fayil ɗin da na kwana biyu ina gyarawa ko add ban yi masa ba, wato ban miƙa wa git gyaran ba. Na tafi azahar na dawo na tarar ya koma yadda yake makon jiya. Innalillahi. Abin da ka yi wa commit, wato ka adana shi a tarihin git, ko ya ɓace kana iya lalubo shi da git reflog, amma wanda bai taɓa shiga ba git ba ta ma san da zamansa ba, shi kuwa reset --hard ba ya tambayar kowa.

Yanzu sikirif ɗin matsoraci ne, haka nake son shi. Kafin ya taɓa komai sai ya yi git -C "$d" status --porcelain, in ya ga ko layi ɗaya ya fito, wato akwai gyaran da ban yi wa commit ba, sai ya tsallake repo ɗin ya rubuta min sunansa a wani fayil. In wajen fes yake sai ya yi git pull --ff-only, wato in tarihin nan da na can sun rabu ba zai haɗa su da ka ba, zai tsaya ne in zo da kaina. Alamar zancen da ke jikin "$d", wanda ke riƙe da sunan folda, ma ba ado ba ce, akwai foldar da na sa wa suna da tazara a tsakiya, ita ta koya min.

Cron ma da nasa halin, bai san da ssh-agent ɗinka ba, mai riƙe maka buɗaɗɗen makullin shiga saba, don haka makulli mai kalmar sirri sai ya ƙi buɗewa alhali a taminal yana tafiya sumul, na ɓata yamma guda kafin in gane. Ranar da netwok ke jan ƙafa kuma wani zagayen bai ƙare ba wani ya taso, flock -n ne ya raba min wannan rigimar, shi ke hana sabon zagaye tashi in na baya bai gama ba.

Push kam, wato tura aikina saba, ban saka ba wlh, da hannuna nake yi.