Shirun da ya ruɗe ni a ɗakin sabar kwamfuta

Ranar da Oga ya ce in kafa na'urar gano kutse a ofishinmu, na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Kwamfutoci wajen sittin muke da su a hawa biyu, duk a jone da suwic guda uku, wato akwatunan da kebul ɗin kowace kwamfuta ke shiga. Na zaƙulo wata tsohuwar kwamfuta a sito, na sa mata Linux, na ɗora Snort, manhajar gano kutse da Martin Roesch ya fitar tun 1998, na soka kebul ɗinta a wata kafar suwic da ba komai a kanta. Kwana huɗu ko ƙararrawa ɗaya ba ta buga ba. Har na fara cika baki a wurin shan shayi cewa gidanmu tsaf yake.

Tcpdump, manhajar da ke nuna duk saƙon da ya iso kwamfuta, shi ne ya tona mini asiri. Da na buɗe shi, ba abin da ke wucewa sai tambayoyin ARP, na neman wace na'ura ke da wane adireshi, da irin saƙonnin da ake watsa wa kowa da kowa. Na san dalilin tun a aji, kawai ban taɓa cin karo da shi ba. Hob, magabacin suwic na da can, sanƙira ne, abin da ya ji ta kafa ɗaya sai ya shelanta a duk sauran. Suwic kuwa ɗan aike ne da ya san gidan kowa: yana riƙe da adireshin MAC, wato lambar katin sadarwar kowace na'ura, da kafar da take, can kaɗai zai kai fakiti, wato ƙunshin saƙo. Ko ka umarci katin sadarwarka ya karɓi duk abin da ya iso, abin da ba a kawo masa ba fa?

Maganin shi ne madubin kafa, wanda kamfanin Cisco ke kira SPAN. Layi biyu ne na umarni: ka faɗa wa suwic kafar da zai kwafa, da kafar da zai zuba kwafin. A nan kwaɗayi ya ja ni, na ce a kwafo mini kafafu ashirin da huɗu gaba ɗaya zuwa kafa ɗaya mai gigabit 1. Lissafin bai kai ko'ina ba. Kafa guda tana iya ɗaukar gigabit 1 shiga, gigabit 1 fita a lokaci ɗaya, biyu ke nan, balle ashirin da huɗu. Idan kwafin ya yi wa suwic yawa zubar da shi yake yi, ba sallama, domin aikinsa na gaskiya kai saƙon mutane ne. Ita kuma Snort, idan ta rasa tsakiyar zance, harin da aka rarraba a fakiti da yawa zai iya wuce ta.

Na koma kwafar kafa ɗaya tak, wadda ke zuwa katangar tsaro, na'urar da ke gadi tsakaninmu da intanet, kuma ta ɓangaren ciki. Ta waje, NAT, tsarin da ke sauya adireshin masu fita, ya riga ya mayar da kowa adireshi ɗaya, ka ga ɓarna amma ba ka san mai ita ba. Washegari da hantsi na kama wata kwamfuta a sashen kuɗi tana ƙwanƙwasa ƙofar sadarwa ta 445 a ɗaruruwan adireshi, ƙofar da mugunyar manhajar nan WannaCry ta bi a watan Mayun 2017. Na cire kebul ɗinta kafin in yi wa kowa bayani. Na sani sarai abin da kwamfutoci biyu ke faɗa wa juna a kan suwic ɗaya ba ya biyowa ta nan, kuma yawancin abin da ke fita a rufe yake da TLS, tsarin ɓoye saƙo, sai dai in ga wa ya yi magana da wa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Aka ɗauke wuta, batiri ya ƙare kafin a tada janareta, suwic ya mutu ya taso. Ashe ban adana saitin madubin ba. Kwana tara ina duba allo ina hamdala, alhali na'urar ba ta ganin komai.

Yanzu na rubuta wata ƙa'ida tawa a Snort da ke bugawa idan ta ga wata kalma a cikin fakitin ping, saƙon gwada ko wata na'ura tana amsawa. Kullum da safe, kafin in ajiye jaka, sai in aika shi daga hawa na biyu zuwa waje, in sauko in duba ko ta buga. Takardar neman sayen TAP, ƙaramar na'urar da ake sakawa a tsakiyar kebul ta kwafi komai ba ruwanta da saitin suwic, tana teburin Oga tun kafin azumi.