Godiya: Baba ya taka gadar Swilcan da ƙafarsa

Alhamdulillahi, an sallami Baba, mun dawo gida lafiya. Kun bi labarin ciwon da ya kama shi a filin golf a tafiyarmu ta Scotland tun daga farko, ba sai na maimaita ba. Ni kaina har yanzu barci bai dawo mini daidai ba bayan kwana shida a kan kujerar asibiti.

Burin Baba ɗaya ne a tafiyar nan, ya buga golf a Old Course, shahararren filin garin St Andrews, tun da sauran ƙarfinsa. Sau uku muna saka suna a ƙuri'ar samun gurbin wasa da ake yi kwana biyu kafin ranar wasa, sau uku ba mu fito ba. Wani dattijo mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna ne ya ga jikin Baba ya yi sanyi, ya ce kada mu ƙare kwanakinmu a jiran fili ɗaya alhali bakin tekun yankin, wato Fife, cike yake da filaye. Ya rubuta mana Elie da Crail a bayan katin maki. A Elie, Baba ya leƙa madubin hangen jirgin ƙarƙashin teku da ake duba bayan tudun ramin farko da shi, ya yi ta dariya kamar yaro.

A Crail ne, ƙungiyar da ta kafu tun 1786, ya dafe ƙirji ya durƙusa. Wallahi ko buɗe wayata na kasa, yatsuna sai rawa suke. Wata mata cikin masu wasa a bayanmu ta yar da sandarta ta rugo, ta kira 999, lambar agajin gaggawa, ta cire rigar sanyinta ta naɗe ta tallafe masa kai da ita. Iskar teku na kaɗa ta, tana karkarwa, amma ba ta saki hannunsa ba har motar asibiti ta iso. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana cina. Allah ya saka mata da alheri, ya tsare ta da 'ya'yanta, ya kawo mata mai taimako ranar da take buƙata.

Goggo, na san ba kya son a ambace ki, ki yi mini afuwa. Ke kika riƙe Mama a waya dare da rana. Yaya, kai ka ɗauke mana nauyin canza tikiti. Likitoci da ma'aikatan jinya, da duk wanda ya yi mana addu'a, Allah ya biya ku, ya bar zumunci, ya raba ku da ganin irin wannan rana. Akwai na jini da har yau ko kira ba mu samu ba. Baba ya tambaye ni su sau biyu, na rasa amsar da zan ba shi.

Dattijon nan ya biyo mu har asibiti. Shi ya faɗa mana ba a wasa a Old Course ranar Lahadi, kowa na iya shiga ya zaga. Likita ya hana Baba bugu, amma bai hana shi ɗan tattaki ba. A hankali, yana dogara da sandar golf ɗinsa, ya hau ƙaramar gadar dutsen nan ta rami na 18, wato gadar Swilcan, inda shahararren ɗan wasan golf Jack Nicklaus ya tsaya ya yi ban kwana a 2005. Ya daɗe a tsaye bai ce komai ba.

Katin makin Crail yana nan a aljihunsa. Ya ce ramuka biyar suka rage masa.