Sudokun da dokoki suka maye gurbin lambobi

Kwanan nan na ajiye sudokun da aka saba (wasan cike gidaje 81 da lambobi 1 zuwa 9 ba tare da maimaita lamba a layi ko a akwati mai gida tara ba) na koma wa irin wanda ake ƙara wa sharuɗɗan lissafi, inda sau da yawa ba a ba mutum ko lamba ɗaya ta farawa. A nau'in da ake kira Killer Sudoku, wanda jaridar The Times ta Ingila ta fara bugawa a 2005, ana kewaye wasu gidaje da layi mai ɗigo-ɗigo, a rubuta jimillarsu a kusurwa, kuma lamba ba ta maimaituwa a cikin kewayen. Gida biyu masu jimillar 17 dole su zama 8 da 9. Abin da ya fi burge ni shi ne, tunda 1 zuwa 9 suna ba da 45, kowane layi da kowane akwati jimillarsa ke nan, don haka idan kewayen da suka cike akwati suka zarce shi da gida ɗaya, rage 45 daga jimillarsu kaɗai ya isa ya fito da lambar da ke wannan gidan.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Miracle Sudoku, wanda wani mai suna Mitchell Lee ya tsara, wasan kuma ya shahara a 2020. Lambobi biyu kawai aka bayar, 1 da 2. Lamba ba ta maimaituwa a tazarar tafiyar doki (gida biyu a miƙe sannan ɗaya a gefe) ko ta sarki (gida ɗaya ta kowace fuska) a wasan chess, kuma lambobi masu bin juna, kamar 4 da 5, ba sa zama gefe da gefe. Da waɗannan sharuɗɗa uku, haɗe da dokokin sudokun da aka saba, ake cike gidaje 81 ba tare da canke ba.