Godiya ga Duk Wanda Ya Liƙa Takarda a Allon Nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Alhamdulillahi, taronmu na ranar Asabar a Jos ya watse lafiya, kuma zuciyata ba za ta kwanta ba sai na yi godiya a bainar jama'a.

Zan fara da masu shiri. Sun kama wuri, sun tanadi janareta da intanet da shayi mai zafi (sanyin safiyar Jos ba ya raga wa baƙo), sun ware lokacin sallar Azahar, sun kuma zaɓi Asabar don kada masu zuwa coci su takura. Daga nan suka ja gefe suka bar mana taron. Babu babban baƙo, babu jerin masu jawabi. Allo ne aka ja wa layuka, kowa ya rubuta a takarda abin da yake son koyarwa ko abin da ya shige masa duhu, ya miƙe ya faɗa, ya liƙa. Wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen ne ya fito da tsarin a shekarun 1980, bayan ya lura cewa hirar da ake yi lokacin shan kofi ta fi jawaban taro amfani, kuma masu kwamfuta sun rungume shi tun taronsu irin wannan mai suna BarCamp, wanda aka fara yi a Kalifoniya a 2005. Na sha karanta labarinsa, amma ban taɓa zaton zai karɓu a wurinmu haka ba.

Takardata tambaya ce. Ina gina manhajar rubuta bashi da ciniki don 'yan kasuwar kayan gwari na Farin Gada, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Maigida ya rubuta a wayarsa, yaron shago ya rubuta a tasa, idan intanet ta dawo sai lissafin ɗaya ya danne na ɗayan. Wata baiwar Allah da ta taso tun daga Abuja ta zauna da mu, ta ce mu daina aika jimilla. Kowane ciniki da kowane biya a adana shi shi kaɗai a cikin SQLite, wato ƙaramin rumbun adana bayanai na cikin wayar, da lambar shaidarsa da ba za ta taɓa maimaituwa ba, a tura su duka idan sabis ya samu, sannan a fitar da jimilla daga cikinsu. Ko an tura abu sau biyu, lambar za ta tona. Malama, ba ki san ni ba, kika buɗe kwamfutarki kika nuna mini komai. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara ilimi.

Ina kuma jinjina wa ƙaninmu ɗalibi da ya koyar da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da ake yi wa rubutun manhaja, da Hausa tsantsa. Muryarsa na rawa da ya fara, amma kafin ya gama ɗakin ya cika maƙil. A irin tarukan da muka saba, da wuya a miƙa wa yaro kamarsa makirufo.

Manyanmu ma sun cancanci yabo na musamman. Akwai dokar da ake kira dokar ƙafa biyu: idan ba ka ƙaruwa a ɗaki, kai ma ba ka ƙarar da kowa, tashi ka koma wani. A tarbiyyarmu tashi alhali babba na magana rashin kunya ne, kuma na ga matasa suna ta jin nauyi. Su manyan da kansu suka ce kowa ya saki jiki, har wasunsu suka zauna a layin baya suna yi wa yara tambaya.

Waɗanda suka kwashe kujeru da masu dafa abinci, ba mu manta da ku ba. Wanda ya ɗauki hoton allon kafin a cire takardun, don Allah ya tura mana a zaurenmu na WhatsApp. Allah ya bar zumunci, amin.