Hoton kawu da ɗakin da ba kowa

Jiya ina neman wata takarda cikin akwatin ƙarfen Inna sai ga hoton kawu, wanda ya aiko daga Sabha lokacin da ya tai ci-rani Libiya. Yana tsaye riƙe da rediyo (na mai hoton ne ashe, daga baya ya faɗa mana), bayansa kuma labule ne da aka zana da fenti, ga teku shuɗi shar ga wani gidan sama mai taga wajen goma. A Sabha fa, tsakiyar rairayi. Inna ta ce shekara huɗu hoton nan na jingine bisa jeren kwanoninta, in baƙi sun zo sai ta ce ku ga gidan ƙanena, alhali shi da mutum takwas suke kwana ɗaki guda.

Abin ya tuna min zanen wani baƙar fatar Amurka, Jacob Lawrence, da na taɓa kallo a waya har data ta ƙare. A 1941 ya gama allo 60 kan yadda baƙaƙen fata suka riƙa barin kudancin Amurka suna yin arewa neman aiki da gudun wulaƙanci, iyayensa ma suna cikinsu. Akwai jiragen ƙasa, akwai tasha maƙil da mutane da ƙunshin kaya, amma ni wanda ya tsaya min a rai wani ne da ba kowa ciki, kusurwar ɗakin katako kawai da 'yar taga. Wallahi duk wanda ya shiga ƙauyukan wajen Madarunfa bayan an gama girbi ya san ɗakin nan, tabarma a naɗe, samari duk sun yi Kano da Legas da Aljeriya.

Kuma wai allunan ma raba su aka yi, 30 a New York 30 a Washington, kamar 'yan gida ɗaya da iyaka ta ratsa tsakaninsu.

To mu Maraɗawa wa zai koya mana wannan? Garin kansa 'yan gudun hijira suka raya shi bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, mutanen Tsibiri kuma suna riƙe da sunan Gobir. Sannan ruwan 1945 ya cinye tsohon gari a fadama aka hau tudu. Sau biyu ke nan muna tashi, amma ni dai ban taɓa shiga gidan wani na ga zanen tsohon garin rataye a bango ba, sai dai labari bakin tsofaffi, su kuwa ƙarewa suke.

Da yamma na kai wa kawu hoton, yanzu goro yake saidawa bakin tasha. Ya daɗe yana kallo, ya goge shi da hannun riga, sai cewa ya yi rigar ma ta aro ce.