Neman Sunan Abokin Kakana a Ƙofar Indiya

Kakana na wajen uwa tsohon sojan Bama ne, cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma wadda ta yi yaƙi a Arakan, wani yanki na gaɓar tekun Bama, a ƙarƙashin babbar rundunar Indiya ta 15. Duk azumi sai ya ware kwanon gero ya yi sadaka da sunan wani sojan Indiya, Musulmi ɗan Fanjab, wanda suka riƙa raba gurasa da shayi, suna sallah tare a bakin rafi, har zazzaɓi ya kwantar da shi aka ɗauke shi zuwa bayan fagen daga, daga bisani labarin rasuwarsa ya iso. Da kaka ya rasu sai na ɗauki sadakar, na kuma ƙudurta cewa wata rana zan ga inda aka rubuta sunan mutumin nan da idona.

Damar ta zo lokacin da na raka yayata jinya birnin Delhi. Rana ɗaya tak na samu, ita ce ranar da likita ya sallame mu kafin jirgi, ni kuwa na kashe ta gaba ɗaya a Ƙofar Indiya, babban ginin dutse na tunawa da sojojin Indiya da suka mutu a yaƙi, domin tun a gida na riga na yanke wa kaina cewa duk sojan Indiya da ya mutu a yaƙin Turawa sunansa yana jikin wannan dutse. Ban tambayi kowa ba, ban bincika ba. Na tsaya cikin zafin rana ina ɗaga waya sama ina jawo hoton rubutun, layi bayan layi, wuyana ya ƙage, ƙafafuna suka kumbura a cikin takalmi, ga yayata na bari ita kaɗai a masauki da ɗinki a cikinta. Sai bayan la'asar wani dattijo mai rawani da ya daɗe yana kallona ya tambaye ni shekarar da mutumin ya mutu. Da na ce 1945, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, ai wannan ƙofa a 1931 aka buɗe ta.

Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni. Ƙofar ta sojojin Yaƙin Duniya na Farko ce, sama da 70,000 da suka mutu a Faransa, Iraƙi, Masar, Gabashin Afirka da sauran wurare, kuma ko su ɗin ma sunaye kusan 13,000 ne kawai aka sassaƙa. Abokin kaka na Yaƙi na Biyu ne, lokacin da Indiya ta tara soja miliyan biyu da rabi, kimanin 87,000 ba su koma gida ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan na dawo gida na gano cewa a cikin Delhin nan, a maƙabartar soja da ke unguwar barikin birnin, akwai kundin sunayen fiye da mutum 25,000 da suka mutu ba a fagen daga ba, irin waɗanda cuta ta kashe bayan an mayar da su baya. Mutumin da zazzaɓi ya ɗauke daga Arakan, ina ya fi dacewa a fara nemansa? Kuɗin tasin da na ɓatar ina zagaye dutsen da ba nasa ba ya isa ya kai ni can ya dawo da ni.

Duk wanda zai yi irin wannan nema, ya fara da rumbun sunaye na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, yana intanet kyauta, ya tabbatar da wurin kafin ya taka ƙafa. Amma a nan ma kuskurena na asali ya tare ni: shekaru ina jin labarin daga bakin kaka, ban taɓa tambayarsa rundunar mutumin ko ƙauyensu ba. Suna kaɗai na riƙe, sunan kuwa gama-gari ne a Fanjab kamar Muhammadu a Kano, sai ya fito mini jere-jere. Wasu suna kundin Delhi da Karaci, wasu suna jikin ginshiƙan maƙabartar soja ta Taukkyan kusa da Yangon a Bama, inda aka rubuta kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, Indiyawa da 'yan Afirka wuri guda, kowa ƙarƙashin rundunarsa. In tsohon soja ko matarsa na raye a gidanku, a zauna da su yau da takarda, a tambayi lamba da runduna da shekara.

A cikin wannan bincike na fahimci cewa ɓatan sunayen nan ba sakacina ba ne kaɗai. A 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa dubban Indiyawa da 'yan Afirka na Yaƙin Farko ba a karrama su daidai da Turawa ba. A dutsen tunawa na Basra a Iraƙi an rubuta sunan Bature, talakan sojan Indiya kuwa adadi kawai aka sa. Ga kuma rabuwar Indiya a 1947, wadda ta jefa yawancin Musulmin Fanjab cikin Pakistan, sai ya zama sun mutu wa sarautar da ta tafi, a ƙasar da aka raba. Mu a nan muna wuce barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya, waɗanda suka samo sunayensu daga yaƙin Bama, ba tare da tunanin su wa aka bari a dajin ba.

Na rage sunayen zuwa huɗu ta hanyar duba watan rasuwa. Bana da na auna geron sadaka, dukkansu huɗun na ambata.