Ɗan'uwan lemun tsami mai ɓawon dutse da na tarar a Baranasi

A cikin watan Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a arewacin Indiya, na hau jirgin ƙasa na dare daga Delhi zuwa Baranasi, tsohon birnin nan na jihar Uttar Pradesh da ke bakin kogin Ganga. Gari ya waye mana a tsakiyar gonakin alkama da aka riga aka girbe, kafin hantsi kuwa iska ta koma hucin wuta. Da na fito daga tasha, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne masu kekunan tura kaya, kowanne ya tara wasu 'ya'yan itace kewayayyu, launinsu tsakanin kore da rawaya, mutane sun yi masa cincirindo da kofuna a hannu. Sunan abin bel, ruwan da ake yi da shi kuma sharbat.

Na tsaya wurin wani dattijo na kalli aikinsa daga farko har ƙarshe. Wuƙa ba ta kama ɓawon, domin taurinsa irin na ƙoƙiya ne, sai da ya buga shi da guntun katako sannan ya tsage. Naman ciki ruwan goro ne, mai kauri da zare-zare, 'ya'yan kuma suna kwance cikin wani yauƙi garai-garai mai danƙo wanda yake manne wa yatsa. Ya kwashe naman da cokali ya zuba a ruwa, ya dama da hannu har ya saki, ya tace da rariya, sannan ya sa sukari, ko da yake wasu sun fi son mazarƙwaila. Ƙamshinsa ya riga ɗanɗanonsa isa gare ni, zaƙinsa kuma ba mai hawa kai ba ne, yana da ɗan bauri a ƙarshe. A ganina, cikin irin wannan rana ya fi duk wani lemon kwalba kashe ƙishirwa.

Wanda ya ga wannan ɓawo ba zai yarda cewa bel dangin lemun tsami da lemun zaƙi ba ne, amma masana tsirrai sun sa su a gida ɗaya, wanda suke kira Rutaceae, shi kuma sunansa a wurinsu Aegle marmelos. Shaidar tana jikin bishiyar. Tana da ƙayoyi dogaye masu tsini, kuma idan aka murza ganyenta, wanda yake fitowa uku-uku a kara ɗaya, ƙamshin man da ke cikinsa yakan tashi nan take. Bishiya ce mai jure fari da ƙasa mara kyau, sai dai ba ta gaggawa, domin ɗanta kan yi kusan wata 11 kafin ya nuna.

A lungunan da suka gangara bakin kogi na ga mata suna sayar da ganyen a kwanduna, saboda mabiya addinin Hindu suna kai shi wuraren bautar Shiva, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, abin da ya sa ake yawan dasa bishiyar kusa da su. Masu maganin gargajiya kuwa suna busar da ɗanyen ɗan itacen su ba mai gudawa ko atini, nunannen kuma an san shi da sassauta ciki.

Inda na fi samun damuwa shi ne wajen sunansa na Turanci. Wasu suna ce masa Bengal quince, wasu stone apple, wasu golden apple, alhali ba shi da dangantaka ta kusa da tuffa, wato apple. Mafi rikitarwa shi ne wood apple, domin da wannan sunan ake kiran wani ɗan itacen dabam, Limonia acidissima, wanda Indiyawa ke ce wa kaitha. Shi ma dangin lemo ne mai taurin ɓawo, amma fatarsa toka-toka ce mai kaushi, namansa ruwan ƙasa ne mai tsami, an fi yin miyar dangwale da shi. Baƙon da ya dogara da Turanci zai iya neman ɗaya a ba shi ɗaya, abin da ba ƙaramin lahani ba ne ga mai nemansa don magani. Shi ya sa nake ganin bael, wato bel, wanda Turawa suka aro daga bakin masu abin, shi ne sunan da ya kamata a riƙe.

Bel yana da ɗan'uwa na kusa a Afirka ta Yamma, Afraegle paniculata, da ake samu tun daga Sanagal har Najeriya. Turawa suna kiransa Nigerian powder-flask fruit, saboda maharba kan rarake ɓawonsa su zuba albarushi a ciki.